Amfani da Sinadarai Wajen Ƙara Tatso Ɗanyen Mai: Misalin Filin Daqing

1.0 Gabatarwa

Ɗanyen mai ba kwance yake a ƙarƙashin ƙasa ba kamar ruwa a tafki. Maƙale yake cikin 'yan ƙananan kafofin da ke jikin dutse, tamkar yadda ruwa ke zama cikin soso. Idan aka haƙa rijiya, matsin da ke can ƙasa shi ke fara ingizo man. In matsin ya ragu, sai a riƙa ɗura ruwa ta wasu rijiyoyin domin ya koro shi. Duk da haka, a galibin filaye kusan kashi biyu cikin uku na man kan yi saura. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake amfani da sinadarai wajen tatso wani ɓangare na wannan ragowa.

2.0 Dalilan Maƙalewar Mai

Dalilai biyu ne manya. Na farko, ruwa bai kai mai kauri ba, saboda haka yakan ratsa ta hanya mafi sauƙi ya isa rijiya, ya bar man a gefe. Na biyu, ruwa da mai ba sa gauraya, don haka ɗigon man kan dunƙule ya toge a bakin kafa, ruwa na wucewa bai iya ture shi ba.

3.0 Ire-iren Sinadaran

Folima ita ce maganin matsala ta farko. Gari ne wanda in an jiƙa shi yake sa ruwa kauri da yauƙi, kwatankwacin abin da karkashi ke yi wa miya. Ruwa mai kauri yakan tafi bai ɗaya, ya sharo man da ke gabansa.

Matsala ta biyu kuwa, ana tunkarar ta da sinadarai dangin sabulu, waɗanda ke raunana iyakar da ke tsakanin ruwa da mai, har ɗigon ya sake ya zurare ta kafar, kamar yadda sabulu ke fitar da maiƙo daga tufa.

Na uku shi ne soda, dangin kanwa. In ta haɗu da sinadarin tsami da ke cikin ɗanyen man, sai sabulu ya samu a can cikin dutsen. Hikimar ɗaya ce da ta masu haɗa sabulun gargajiya da ruwan toka da mai. Akan kuma haɗa ukun a ɗura su tare.

4.0 Misalin Daqing

An gano filin Daqing a lardin Heilongjiang na ƙasar Sin a 1959. Daga 1976 zuwa 2002 ya riƙa samar da fiye da tan miliyan 50 a kowace shekara, amma a hankali ruwa ya rinjayi abin da rijiyoyinsa ke fitarwa. Bayan gwaje-gwaje, a 1996 aka shiga ɗura folima gadan-gadan. A wuraren da aka yi haka, an samu ƙarin sama da kashi 10 cikin ɗari na man da ke kwance tun asali. Abin da ya taimaka shi ne zafin rumbun bai wuce kimanin digiri 45 a ma'aunin Salshiyas ba, gishirin ruwansa kuma kaɗan ne.

5.0 Matsaloli

Zafi mai tsanani da yawan gishiri sukan tsinka folima. Dutsen kan shanye wani kaso na sinadarin sabulu, mai tsada. Soda kuwa takan sa bututu da famfo su yi tsamo-tsamo da daskararren ƙwanso, sannan raba mai da ruwa bayan sun fito ya yi wuya. Akwai kuma batun kuɗi: faɗuwar farashin mai a 1986 ta sa an yi watsi da yawancin irin waɗannan ayyuka a Amurka.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kowane sinadari akwai matsalar da yake warwarewa, kuma nasararsa ta dogara ne ga yanayin dutsen da farashin mai. Ga ƙasa irin Nijeriya, wadda ta fara fitar da mai tun 1958, tsofaffin filaye na ƙara yawa, saboda haka sanin zafi da gishirin kowane rumbu shi ne matakin farko kafin a zuba jari a wannan hanya.