Sana'ar Gyaran Gidaje a Kaduna da Matsalar Dogaro da Maigida

Tun da aka mayar da hedikwatar mulkin Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, unguwannin da ke arewacin kogi suke tara gidajen da a yau suka tsufa, daga na manyan ma'aikata a Unguwar Rimi da Malali har zuwa gidajen haya na Tudun Wada da Kawo da Unguwar Dosa. Wannan ne ya sa sana'ar kwaskwarima, wato sabunta tsohon gini ta hanyar sauya kwano da silin da tayil da wayar lantarki, ba ta rasa kasuwa, kuma tsohuwar kasuwar Panteka, wadda ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, cike take da kafintoci da masu walda da suka san aikinsu. Abin damuwa shi ne galibin waɗannan sana'o'i suna tsayawa cik ranar da maigida ya kwanta ciwo ko ya tafi aikin Hajji, domin shi ne mai karɓar jinga, shi ne mai sayen siminti da rodi, shi ne mai sallamar leburori da yamma, lambar wayarsa kuma ita kaɗai masu gidaje suka sani.

Tushen matsalar yana ga ƙiyasi, wato lissafin abin da aiki zai ci kafin a fara shi. Gyara ya fi sabon gini wuyar ƙiyasi, saboda ba a sanin halin da katakon rufi yake ciki sai an yaye kwano an ga ɓarnar gara, ba a kuma sanin inda bututu ya ruɓe sai an fasa bango. Gogaggen magini yakan ƙwanƙwasa filasta da bayan cokalin gini, daga amon da ya ji ya gane cewa ta saki bango, nan take ya ƙara buhunan siminti a lissafinsa ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba. Yaransa sukan yi shekara da shekaru suna ɗora bulo da shafe, amma wannan sani ba ya isa gare su, sau da yawa da gangan, domin maigida yana tsoron ranar da babban yaronsa zai iya yanka farashi ya tafi da masu ba shi aiki. Tsoron yana da tushe, sai dai ɓoye sanin ba ya hana yaro tafiya, abin da yake hanawa shi ne maigida ya karɓi aiki biyu a lokaci guda, ɗaya a Malali ɗaya a Kawo. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta ƙiyasin kowane aiki a littafi, a kwatanta shi da abin da aka kashe bayan an gama, sannan a ba babban yaro kaso sananne daga ribar aikin da ya kula da shi, wanda tsari ne da ba baƙo ba ga 'yan kasuwar Hausa da suka daɗe suna ba yaransu jari ana raba riba.

Kuɗin aiki ma suna buƙatar a raba su da na maigida. Kafin alƙalami da mai gidan da ake gyarawa ya bayar amana ce ta aikinsa, kuma idan ya gauraya da kuɗin cefane a aljihu ɗaya, tashin farashi irin na farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ya isa ya bar gini a tsaye ya zubar da mutuncin da aka daɗe ana tarawa.

Wata hanyar raba sana'a da maigida ita ce rajista: dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kuma amfanin hakan ya fi bayyana a wajen gado. Idan sana'a tana cikin sunan mamaci kawai, magada sukan sayar da injin walda da janareto da motar ɗaukar kaya domin kowa ya karɓi rabonsa, amma idan kamfani ne, hannun jari ake rabawa bisa ƙa'idar shari'a, kayan aiki su zauna wuri ɗaya. Kasuwancin Alhassan Ɗantata na Kano ya ci gaba bayan rasuwarsa a 1955 saboda ya shigar da 'ya'yansa cikinsa tun yana raye.

A Kaduna ne hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, take, kuma tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa bisa abin da suka iya, ko da ba su yi karatun boko mai zurfi ba. Ya kamata iyayen gida na Panteka da sauran unguwanni su tura manyan yaransu neman wannan shaida, su kuma riƙa gabatar da su ga masu gidaje da sunan kamfani tun suna da ƙarfin duba aikinsu.