Tsohuwar Benz Ta Gaji: A Ɗaura Turbo Ko A Sauya Babban Inji?

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa lodin shanu daga Paga ko Bolgatanga ya nufi Kumasi ya san inda tsohuwar mota take tona wa mai ita asiri. Daga nan Tamale har Yapei da Buipe hanya shimfiɗe take, ko wace kwarkwaɓaɓɓiya sai ta yi ta gudu. Amma da zarar an wuce Kintampo an fara hawa da gangara, sai ka ji inji yana nishi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, direba ya koma giya ɗaya, shanu kuwa suna tsaye a rana. To, a nan ne gardama take tashi tsakanin masu motoci. Wasu su ce a ɗaura turbo, wasu su ce a tuge injin ɗungum a sa babba.

Bari mu ɗauki Benz mai dogon hanci, wato 911 da 1113, tunda har yau akwai masu lallaɓa su. Injinsu OM352 ne, silinda shida, lita 5.7, ƙarfin doki wajen 130. Tun 1964 aka fara ƙera shi. Kamfanin da kansa ya fitar da ɗan'uwansa mai turbo, OM352A, mai ƙarfin doki wajen 168. Wannan bambancin ne yake ruɗin mutane. Sai wani fita ya ce maka, "Alhaji, ai inji ɗaya ne, kawo kuɗin turbo kawai in ɗaura maka."

A ido ɗaya ne, a ciki ba ɗaya ba ne. Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ya juya farfela, ita kuma ta danna iska da yawa cikin silinda don a ƙona mai da yawa. Ƙarin wuta ke nan, ƙarin zafi ke nan. Shi ya sa wanda aka ƙera da turbo tun daga kamfani fistocinsa daban ne, an rage matsinsu, akwai 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashinsu don su huce, famfon mai ma saitinsa daban. Injin da ya shekara talatin yana jan kaya, zobbansa sun cinye, in ka ƙara masa wannan wuta, ka ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi.

Na ga haka da idona. Wani ɗan ƙungiyarmu ya yi wannan aikin don arha, sati uku yana yabon mota. A tafiya ta huɗu fistin ya narke kafin Techiman, da tsakar rana, da shanu cike. Kafin a samo wata mota a juye, biyu sun kwanta, sai wuƙa aka sa musu aka sayar wa mahautan gefen hanya yadda suka ga dama. Sauran da suka isa kasuwa sun rame, dillalai suka taya su a wulaƙance. Abin da ya yi tattali a gareji bai kai kuɗin sa ɗaya ba.

To babban injin fa? Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu. Inji irin OM355, mai lita 11.6 da ƙarfin doki wajen 240, ba ya wahala kafin ya ja kaya, kuma ba shi da laulayi. Sai dai ba shi kaɗai yake zuwa ba. Giyabos ɗin ƙaramar mota ba zai ɗauki ƙarfinsa ba, kuloci ma haka, lagireto ya yi masa kaɗan, sai an yanka an yi walda kafin ya zauna. Nauyinsa kuma a kan ƙafar gaba zai sauka, sifirin ya kwanta, taya ta riƙa cinyewa, ga ma'aunin nauyi yana jira a hanya. Birki kuwa yana nan yadda yake. Mota ta ƙara gudu, ba ta ƙara iya tsayawa ba, alhali kayanmu masu rai ne, suna motsi a kwana. Ga shan mai, har ranar da ka dawo arewa wayam.

Ni dai in aka tambaye ni, sai in ce a bar ɗaure-ɗaure, a sayi injin da aka haifa da turbonsa. Ko OM352A cikakke, ko magajinsa OM366A mai kusan lita 6, wanda ya fito a 1984. Girmansu kusan ɗaya da na da, ba a buƙatar yanka shasi. Ana neman na hannu a Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Ankara. Kada ka aika, ka je da fitanka, a tayar da shi a gabanku, a duba ƙarfin baƙin mai, a cire bututun iska a girgiza sandar turbo a ji ko tana wasa.

Amma fa turbo yana da sharaɗinsa, kuma direba ne zai cika shi. Farfelar nan tana juyi sama da dubu ɗari a minti, baƙin mai kaɗai ke riƙe da ita. In an sha doguwar tafiya aka tsaya a shingen kwastan, kada a kashe mota nan take, a bar ta ta yi silo minti biyu ko uku. Lokacin hunturu kuma ƙura ita ce ajalinsa, matatar iska sai an riƙa dubawa kowace tafiya. In ka san direbanka ba mai jin magana ba ne, gara ka yi wa tsohon injinka garambawul ka rage shanu biyu a lodi.

Sannan duk injin da ka sauya, ka kai takardu ofishin DVLA a gyara lambar inji kafin ka doshi Paga. Lambar da ke takarda in ta saɓa da ta jikin ƙarfe, a bakin iyaka za a ajiye ka, da shanun a ciki.