Idan Mota Ta Ƙi Shiga Ribas

Ƴan'uwa fatake, mun san tirela ba ta ɗaukar shanu sai ta ja da baya zuwa wurin lodi. In ribas ya ƙi, dabbobi su wuni a rana suna rama, kasuwa ta ci ba mu. To, kafin bakanike ya ce a sauke giya, ga abin da za mu sa direba ya yi a gabanmu.

Ya kashe inji, ya taka kuloci, ya gwada ribas. In ya shiga lafiya lau, amma da an tada inji sai ƙara kamar ana niƙa, kuloci ne bai saki ba. A duba mansa, a duba ko iska ta cika, don kulocin manyan motoci na bukatar iska. Ribas ke fara nuna wannan ciwo, domin a yawancin motoci ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora.

In ya ƙi ko da inji a kashe, a leƙa ƙarafan da suka haɗa sandar giya da akwatinta. Sau da yawa roba ce ta cinye ko noti ya kwance, ƙaramin gyara ne.

In nan ma lafiya, a tsiyayi man giya. In an ga gutsattsarin ƙarfe, ciwon na ciki ne, mu nemi wata mota.

Ko a Maigatari ne ko Illela, kada mu ba da kafin alƙalami sai mun ga mota ta ja baya da idonmu. Allah ya kiyaye hanya.