Tana ta Roba da Idon Lantarki: Yadda Amurkawa Ke Farautar Kifin Bas

Ranar 2 ga Yuni, 1932, ruwan sama ya jiƙe gonaki a kudancin jihar Jojiya ta Amurka har garma ba ta shiga, sai wani matashin manomi, George Perry, ya ja abokinsa suka tafi su a wani ɗan tafki da ake kira Montgomery, wanda tsohon hannun kogin Ocmulgee ne. Zamanin karayar tattalin arziki ne, abin sawa a tukunya suka fita nema. Perry ya jefa wani ɗan kifin katako mai ƙugiyoyi, ruwa ya fashe, ya ja, abu ya ƙi motsi, har ya ɗauka ƙugiyar ta sarƙe a itace. Ashe kifin bas ne ya turje. Da aka ɗora shi a sikelin gidan waya na garin Helena, ya yi fam 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai. Mutanen gidan Perry suka soye abinsu suka cinye.

Shekara 77 babu wanda ya kama kifin bas da ya kai wannan bisa ƙa'ida, sai a 2009 da wani Bajapane, Manabu Kurita, ya fito da mai kilo 10.12 daga tafkin Biwa. Nasa ya ɗara na Perry da kaɗan, amma hukumar IGFA mai ajiye tarihin manyan kifaye tana son ratar ta kai oza 2, don haka aka ce sun yi kunnen doki. A tsakanin waɗannan kifaye biyu ne kamun bas ya tashi daga neman abinci ya koma wasa mai cin biliyoyin daloli, da gasanni, da shirye-shiryen talabijin, da kantuna irin Bass Pro Shops, wanda Johnny Morris ya fara a 1972 a wani lungu na shagon mahaifinsa a garin Springfield.

Shi kifin ba wani ƙato ba ne. Akasarin waɗanda ake kamawa ba sa wuce kilo ɗaya ko biyu. Kore ne mai duhu, da baƙin layi a haƙarƙari, a ƙira ya yi kama da ƙaramin giwan ruwa, sai dai bakinsa ya fi ƙarfin jikinsa: idan ya wage shi, tsagar bakin tana wuce idonsa. Asalinsa ruwayen gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne, daga baya aka kai shi Japan a 1925, aka kai shi Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya a ƙarshen shekarun 1920. Abin da ya sa Amurkawa suka haukace a kansa hali ne. Ɗan kwanton ɓauna ne, yana laɓewa a gindin kututture, ko ƙarƙashin ganyen bado, ko inuwar gadar katako, duk abin da ya gifta kuma zai shiga bakinsa sai ya kai masa cafka: ƙananan kifi, kwaɗi, ƙwari, har 'yan tsakin agwagwa. Cafkar ma zuƙa ce; yana buɗe baki farat ɗaya, ruwa ya kwararo ciki tare da abin da ke cikinsa. Idan kuma ya ji ƙugiya, sai ya yi tsalle sama da ruwa yana kaɗa kai don ya yar da ita.

Kifin da ke kai hari ga duk abin da ya motsa ana iya yaudararsa da abin da ba abinci ba. Kusan duk kayan kamun bas a kan wannan yaudara aka gina su. Ban da ido, kifin yana da wani layin ji a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda ke ɗaukar girgizar ruwa ko da dare ne ko ruwan ya gurɓace. Mai ƙera koton ƙarya yana magana ne da waɗannan gaɓoɓi biyu.

An ce James Heddon, wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Mishigan, yana zaune bakin ruwa a shekarun 1890 yana fiƙe itace, ya jefa guntun a ruwa, sai ya ga bas ya kai masa hari. Ko labarin ya sha gishiri ko bai sha ba, kamfanin Heddon ya yi suna wajen sayar da kifayen katako tun farkon ƙarni na 20. A can Finlan kuma, a 1936, wani matalaucin masunci, Lauri Rapala, ya lura cewa manyan kifi sukan ware mai rauni daga cikin garken ƙanana, wanda ke tafiya yana tangaɗi. Ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mai sauƙi, ya naɗe shi da takardar azurfa, ya narkar da tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Tangaɗin nan shi ake saye har yau. Irin wannan koto yana da ɗan leɓe a gaba, kuma leɓen ne ke ƙayyade zurfin da zai nutse: gajere ya tsaya kusa da sama, dogo ya kai shi mita biyar ko fiye. Gwanaye ba sa kauce wa duwatsu da kututture da shi, da gangan suke buga shi a jikinsu, domin lokacin da ya karkace ya yi kamar zai faɗi, lokacin ne kifi ke kasa haƙuri.

Amma abin da ya fi sauya sana'ar shi ne mafi arha a cikin akwati. A 1949 Nick Creme, wani ma'aikacin injina a garin Akron na jihar Ohayo, shi da matarsa Cosma, suka riƙa dafa roba a madafar gidansu har suka samu tana mai laushi wadda ba ta bushewa. Masuntan Teksas ne suka gano yadda za a ci moriyarta. A lokacin ana ta gina madatsun ruwa a jihar, ruwa ya shanye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye, kifi ya cika cikin rassan, amma duk ƙugiyar da aka jefa sai ta maƙale. Dabarar da suka fito da ita ana kiranta ɗaurin Teksas, kuma ta cancanci a dube ta da kyau. Ana fara zura dalma mai siffar harsashi a zare, tsininta na kallon sanda. Sai a ɗaura ƙugiya, a soka bakinta a kan tanar, a fito da shi bayan kamar rabin santimita, a zame tanar har wuyan ƙugiya, a juya ƙugiyar, sannan a binne tsininta a cikin jikin robar. Tanar ta miƙe sambal, babu wani kaifi a waje. Haka za ta ratsa rassa da ciyawa ba ta kama komai.

Kamun da ita aikin yatsu ne. Mai sanda yana barin ta ta kai ƙasa, ya ɗan ɗaga, ya sake, ya jira. Sau da yawa alamar kifi ba ta wuce ɗan tak-tak a zare ba, ko kuma ya ga zaren ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Sai ya sunkuyar da sanda, ya naɗe ragowar zaren, ya fizga da ƙarfi, domin sai tsinin ya huda robar kafin ya huda bakin kifin. Wanda ya yi sanyin hannu, tana kawai zai dawo da ita.

Sauran kayan akwatin kowanne da ranarsa. Akwai waya lanƙwasasshiya mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya, ta ruwa mai laka da ranar iska. Akwai kan dalma mai gemun roba da ke kwaikwayon ƙaguwar ruwa a ƙasa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne kwaɗon roba mai holoƙo, wanda ƙugiyoyinsa biyu ke kwance a bayansa suna kallon sama, ana jan sa a kan shimfiɗar ciyawa. Kifi yakan fasa ciyawar daga ƙasa da ƙara, kuma a nan sababbin hannu ke asara: suna fizga da jin ƙarar, alhali sai an ɗan dakata an ji nauyin kifin tukuna.

Sandar zamani ta garafait ce, tsawonta wajen mita biyu, ba ta da nauyi kuma tana kai motsin zare har tafin hannu. Kwarkwaron naɗe zare iri biyu ne. Mai rataye a ƙasan sanda ya fi sauƙin koyo, shi ake ba yara, kuma shi ya dace da siririn zare. Na saman sanda, wanda asalinsa ke komawa ga masu gyaran agogo na jihar Kentaki a farkon ƙarni na 19, shi ne na ƙwararru, amma yana da mugun hali: idan aka yi jifa, kwarkwaron yakan ci gaba da juyawa bayan koton ya rage gudu, zare ya cukurkuɗe. Babban yatsa ne birki. Duk da birkin maganaɗisu da kamfanonin Shimano da Daiwa da Abu Garcia suka saka, babu gwanin da bai taɓa zama a jirgi yana warware zare ba.

Zaren ma uku ne. Na nailan yana miƙewa kuma ba ya saurin nutsewa. Na fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fito da shi a 1971, yana nutsewa, kuma haske na ratsa shi kusan yadda yake ratsa ruwa, shi ya sa ake zaɓarsa a ruwa garai-garai. Kitsattsen zare kuwa ba ya miƙewa sam, yana yanka ciyawa, da shi ake finciko kifi daga cikin bado.

Duk wannan kaya banza ne ga wanda bai san inda kifin yake ba, kuma zafin ruwa ne ke juya shi. Da sanyi yana sauka zurfi, ya rage ci. Idan ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, namiji yakan hau gaɓa ya share gurbi da wutsiyarsa, mace ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi. A wannan lokaci yana kai wa koto hari don ya kore shi daga gurbin, ko da ba ya jin yunwa. Masunta na ganinsa ƙuru-ƙuru da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Ko ya dace a cire uba daga kan ƙwansa, ko da na minti biyu ne, tsohuwar gardama ce, domin ƙananan kifi na jira su afka wa gurbin; wasu yankunan arewa, ciki har da sassan Ontariyo ta Kanada, sukan rufe kamun bas a lokacin.

Mutumin da ya mayar da abin gasa ɗan inshora ne daga Alabama, Ray Scott. A 1967 ya tara masunta 106 a tafkin Beaver na jihar Akansas, kowa ya biya dala 100. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., a 1971 kuma aka yi babbar gasar Bassmaster Classic ta farko a tafkin Mead, inda ba a gaya wa 'yan gasa wurin ba sai da jirgin sama ya tashi da su. Bobby Murray ya lashe dala 10,000. Yanzu zakara na tafiya da 300,000. Gasannin farko tulin matattun kifi ake jibgewa a sikeli, mutanen garuruwa suka fara ƙorafi. Daga 1972 Scott ya shiga kamfen ɗin a daina kashe kamu. Aka sa wa jirage tankin ruwa mai famfo, aka fara rage maki a kan mataccen kifi, daga baya aka tsaya a kan kifi biyar mafi nauyi a rana, a auna a mayar ruwa. Yau Ba'amurke zai kashe dubban daloli a kan jirgi, ya kama kifi, ya riƙe shi ta leɓen ƙasa, a ɗauki hoto, ya sake shi, ya tsaya a hanya ya sayi abincin dare.

Sakin yana da sakamakon da ba a zata ba. Kifin da ya sha ƙugiya yakan yi wayo. Wani dogon bincike da David Philipp da abokan aikinsa suka yi da kifayen tafkin Ridge a jihar Ilinoyi, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna abin ya wuce wayo: sun ware masu saurin kamuwa da masu wuyar kamuwa, suka hayayyafa kowane rukuni daban har zuriya uku, suka ga halin yana bin jini. Ke nan a wurin da ake kwashe masu zalama, masu taka-tsantsan ne ke barin baya. A Japan kuwa sakin ne laifi a wasu wurare. Jihar Shiga ta hana mayar da bas cikin tafkin Biwa tun 2003, saboda ɓarnar da yake wa kifayen asali, kuma dokar ƙasa ta 2005 ta sa shi cikin baƙin halittu masu cutarwa.

Rigimar da ta fi zafi a yanzu ta ido ce. Tun 1959 kamfanin Lowrance ya fara sayar da wani ɗan koren akwati da ke aika sauti ƙasa ya nuna zurfi da abin da ke tsakani. Shekaru da dama na'urar tana nuna abin da jirgi ya riga ya wuce ta kansa ne. A 2018 Garmin ya fito da LiveScope, wadda ke haska gaba tana nuna motsi nan take: ga kifi a mita ashirin, ga koto na sauka, ga kifin ya juyo ya bi shi ko ya share. Kifayen da ke yawo a tsakiyar tafki, waɗanda a da babu mai iya samunsu, suka shiga hannu. Matasa da suka tashi da allo suka fara doke dattawan da suka shekara talatin suna karantar iska da launin ruwa, masu kallo kuma suka gaji da ganin ƙeyar mutum ya duƙufa a kan allo yini guda. Masu goyon baya na cewa ganin kifi daban, sa shi ya ci daban, kuma suna da gaskiya. Sai dai rabin gwanintar dā neman kifin ne, kuma wannan rabin yanzu ana sayensa a kanti. Gasar NPFL ta haramta na'urar gaba ɗaya daga kakar 2025. B.A.S.S. ba ta kai nan ba a lokacin: a manyan gasanninta na kakar 2025 ta ƙayyade wa kowane jirgi na'urar hangen gaba guda ɗaya, kuma jimillar faɗin allunansa kada ta wuce inci 55.