Ƙwaron Waya Mai Tafiya da Lugude

Duk wanda ya ratsa unguwannin Dogondutsi ko Matankari da maraice ya san motar yara: gangar jiki ta gwangwanin madara ko ɓargon kara, tayoyin tsohon silifa, da doguwar waya ta tuƙi. Hannun da ya lanƙwasa wayar nan har taya ta juya ya riga ya ci rabin hanyar wani aiki da ake ganin sai Turai, wato ƙera ɗan mutum-mutumi mai tafiya da ƙafafunsa.

Da yawa suna zaton sai da kwamfuta. Tarihi bai ce haka ba. Tsakanin 1948 da 1949, wani masanin ƙwaƙwalwa a Biristol ta Ingila, Grey Walter, ya ƙera wasu na'urori biyu masu kama da kunkuru, Elmer da Elsie, suna bin haske suna kauce wa cikas, alhali ƙwaƙwalwar kowacce ba ta wuce kwalaben tsohuwar rediyo biyu ba. Daga baya Mark Tilden, wanda ya yi aiki a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya farfaɗo da tunanin a ƙarƙashin sunan BEAM, ya kuma sami rajistar fasaharsa a 1994. Shi ne ya tsara Robosapien, abin wasan da ya fito a 2004.

Sirrin duka yana cikin kwandansa da rizista, waɗanda ke zube a teburin kowane mai gyaran rediyo. Kwandansa kamar tulu yake, sai dai lantarki yake tarawa. Rizista kuwa ƙuntataccen mazurari ne: in ya matse, tulun ya daɗe bai cika ba. To, wannan jinkirin shi ne agogon na'urar. Rizista mai megaom 1 da kwandansa mai maikurofarad 0.22 suna ba da jinkirin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Sai a haɗa su da ƙofa guda daga cikin shida da ke cikin 'yar aisin nan mai lamba 74HC14, wadda batir uku na rediyo ke isarta.

Irin wannan haɗi huɗu ake jerawa a da'ira, bakin na ƙarshe ya koma wa na farko. Ku tuna mata suna lugude a turmi ɗaya. Babu mai ba da umarni, kowacce tana jiran taɓaryar 'yar'uwarta ta tashi kafin ta sauke tata. Haka bugun lantarki yake zagaya da'irar. Ƙwaron yana da ƙananan motocin lantarki biyu, ta gaba da ta baya: haɗi na farko ya juya motar gaba dama, na biyu ya juya ta baya, na uku ya maido ta gaba hagu, na huɗu ya maido ta baya. Kowace mota tana ɗauke da ƙafa biyu na waya mai kauri da aka lanƙwasa, ta gaba a ɗan karkace don ta ɗaga jiki, ta baya ta tura. Da zarar bugun ya kama zagaye, sai ka ga abu yana takawa kamar buzuzu.

Akwai wuraren da mai koyo ke tuntuɓe. Wani lokaci da an kunna, bugu biyu ne ke shiga da'irar a tare, sai ƙwaron ya tsaya yana karkarwa wuri guda, dole a kashe ɗaya. Motar tsohuwar kaset tana gudu fiye da kima kuma ba ta da ƙarfi, sai an haɗa ta da giya. Aisin ma ba ta iya jan mota ita kaɗai, tana buƙatar tiransista a tsakani. Ga kuma yashin Dallol Mawri, wanda ke nutsar da siririyar ƙafa, ya shiga haƙoran giya. Wannan kam yaron Tibiri zai riga ɗan Turai gano maganinsa, don ya san faɗin tafin raƙumi ba banza ba ne.

Abin da ya sa nake ganin aikin ya dace da mu shi ne ba ya neman intanet, ba ya jiran wutar NIGELEC. Ɗan faifan hasken rana na mataccen kalkuleta ma yana iya cika kwandansa a hankali, ya saki ƙarfin lokaci guda, ƙwaron ya motsa. Kuma yaron da ya canja rizista da hannunsa ya ga tafiya ta ragu ko ta ƙaru, ya fahimci darasin lantarki fiye da wanda ya haddace shi daga allo. Jami'ar Doso da aka kafa a 2014 tana koyar da fasahar sadarwa, irin waɗannan yara take buƙata.

Kirana ga malaman kimiyya na lakwal-lakwal ɗin Dogondutsi da Tibiri: ku je wajen masu gyaran rediyo da salula na kasuwa, ku roƙi matattun alluna, ku gayyaci mai gyaran ya zo aji da ƙarfen narka dalmarsa ko da sau ɗaya a wata. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana kwance tsohuwar tocila, ku bar masa ita.