Abokin Daɗi da Abokin Gaskiya: Darasin da Ke Cikin Abin da 'Ya'yanmu ke Kallo

Duk uwa ta san cewa faɗan "kada in ƙara ganinka da yaron nan" ba kasafai yake yin tasiri ba. Kina hanawa, yaro yana ƙara maƙalewa, daga baya ma ya koma ɓoye miki. Abin da muke mantawa shi ne, tun kafin yaro ya zaɓi aboki a unguwa ko a makaranta, ya riga ya ga abota iri-iri a katun, a fim, a littafi da wasan waya. A can yake fara koyon wane ne aboki, da abin da aboki ke da ikon nema a wajensa. Waɗannan labaran kuwa hanya ce mai sauƙi ta yi wa yaro magana a kan abokansa ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Zakin da ya gudu daga gida

Mu fara da The Lion King, katun ɗin kamfanin Disney na 1994 da yara ke kallo har yau. Bayan rasuwar mahaifinsa, Simba ya gudu daga gida saboda baffansa ya sa ya yarda cewa shi ne sanadi. Timon da Pumbaa suka tsince shi a galabaice, suka cece shi, suka ba shi ci da sha da dariya. Sai dai tsarin rayuwarsu shi ne a manta da abin da ya wuce, a daina damuwa da komai. A haka ya girma, yayin da ƙasarsa ke lalacewa. Nala, ƙawarsa ta yarinta, ita ce ta zo ta gaya masa abin da ba ya son ji: danginsa na cikin yunwa, kuma ya kamata ya koma. Sai da suka yi faɗa a kan maganar.

Abin lura, fim ɗin bai mayar da Timon da Pumbaa mugaye ba, domin da ya tashi komawa sun bi shi har fagen faɗa. Abokin daɗi yana da amfaninsa, amma shi kaɗai ba ya isa. Idan kun gama kallo, ki tambayi ɗanki: "A cikin abokanka wa zai gaya maka gaskiya ko da za ka ji haushi?" Amsar da zai ba ki za ta fi binciken jakarsa amfani.

Wanda ke zama a bakin gado

Masu son fina-finan Indiya ba za su manta da Sholay na 1975 ba, inda Amitabh Bachchan da Dharmendra suka fito a matsayin Jai da Veeru, aminan da mutuwa ce kawai ta raba su. Akwai kuma 3 Idiots na 2009. A cikinsa shugaban kwaleji ya ba Raju zaɓi: ko ya ba da shaida a kan abokinsa Rancho, ko a kore shi. Raju ɗan talaka ne, mahaifinsa na kwance ba lafiya, gida kaf shi ake jira. Da abin ya fi ƙarfinsa sai ya faɗo daga bene. Abokansa biyu ba su bar asibitin ba, kullum suna masa hira da barkwanci har ya farfaɗo. Wannan fim ɗin na matasa ne, kuma ya fi kyau a kalle shi tare da babba saboda yana taɓa batun kashe kai.

A aikina na jinya ina ganin irin wannan a zahiri. Ranar farko da aka kwantar da matashi, sai mun riƙa roƙon 'yan dubiya su rage. Zuwa mako na biyu, mutum ɗaya ko biyu ne ke zuwa, kuma sau da yawa ba su ne masu yawan surutun ranar farko ba. Na kuma lura cewa abin da matashi ya ɓoye wa uwarsa, abokinsa ya san shi tun tuni. Wani lokaci abokin ne ke jan mu gefe ya faɗi abin da yaron ya sha, a samu a ceto ransa. Wani lokaci kuma shi ne ya fara miƙa masa kwalbar. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa ke sha, amma doka ba ta zaɓar wa yaro aboki. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ƙawa a littattafanmu

A ɓangaren 'yan mata akwai abin da ke damuna. A yawancin littattafan soyayya da ake turawa a WhatsApp ko ake saurare a YouTube, da fina-finanmu na Hausa da dama, ƙawa ita ce mai zuga, mai kai mutum wajen boka, ko mai ƙwace miji. Cin amana yana faruwa, babu musu. Amma yarinyar da ta tashi da irin wannan labarin kaɗai za ta shiga gidan aure da tunanin cewa duk mace abokiyar gaba ce. Ranar da ta haihu, damuwa ta rufe ta, ba ta da wadda za ta kira.

Kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne ga lafiya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan zumunci da kaɗaici. Wani bincike na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda ke bin rayuwar mutane tun 1938, ya nuna cewa kyakkyawar alaƙa da mutane na cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Don haka idan 'yarki na karanta irin waɗannan littattafai, ki tambaye ta: "A wane shafi ya kamata jarumar ta gane wannan ƙawar ba ta kirki ba ce? Da ƙawa ta gari ce, me za ta yi?" Manufar ita ce ta koyi tantancewa, kada ta tashi tana tsoron kowa.

Abokan cikin waya

Mu da muka tashi da langa, carafke da 'yar gala-gala, muna ganin fuskar abokin wasanmu, iyayenmu kuma sun san gidansu. Yanzu yaro na kwance a ɗaki yana Free Fire ko PUBG da mutanen da bai taɓa gani ba. Kada mu raina abin. A waɗannan wasanni ana haɗa rukunin mutum huɗu, idan an harbi ɗaya sai wani ya yi kasada ya je ya tashe shi. A Minecraft yara na haɗuwa su gina gari guda. Yaro mai kunya yakan sami bakin magana a nan, kuma a wajensa abotar gaskiya ce.

Haɗarin shi ne wanda ya ce shekararsa 13 yana iya zama magidanci. Ki koya wa yaronki alamomi huɗu: wanda ke yi masa kyautar kuɗin cikin wasa haka kawai, wanda ke so su koma hira a WhatsApp su biyu, wanda ke neman hotonsa ko sunan makarantarsu, da wanda ya ce "kada ka gaya wa mamanka". Ta ƙarshen ita ce mafi girma, a waya ko a unguwa. Ki sa a riƙa wasan a falo, ki duba saitin wasan ki taƙaita hira da baƙi, ki kuma yi amfani da manhaja irin Google Family Link wajen ƙayyade lokaci. Sannan ki yi masa alkawarin cewa idan ya kawo miki ƙarar wani, ba za ki ƙwace wayar ba. Tsoron ƙwace waya ne ke sa yara da yawa yin shiru.

Dabarar aku

A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, Musa ɗan sarki ya ƙudura sai ya bi Mahmudu zuwa wajen yaƙi, ga kuma makircin waziri na jiransa a waje. Aku ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Labari ya riƙa ba shi, dare bayan dare, har sarki ya dawo. Mu ma ba za mu iya tare kowace ƙofa ba, amma muna iya zama minti ashirin mu kalli abin da yaro ke kallo, mu tambaye shi wanda ya fi burge shi da dalili, mu saurara ba tare da wa'azi ba.

Kada kuma mu manta cewa yaro na kallon yadda muke da namu ƙawayen. Yana ji idan kin yi da ƙawarki bayan ta fita, yana kuma gani idan kin dafa abinci kin kai mata ranar da take kwance. A makon nan, ki zaɓi fim ɗaya ku kalla tare, ki yi masa tambayar Nala. Idan kin gwada, ki gaya mana amsar da kika samu, wata uwar za ta ƙaru da ita.