Azumi a cikin kulle: Yadda za a raya zumunci ba tare da an yaɗa annoba ba

Azumin shekarar 1441 bayan Hijira ya kama ranar Juma'a 24 ga Afrilu, 2020, a cikin halin da dattawanmu ma ba su taɓa ganin irinsa ba. A wancan lokaci, masallatan da suka saba cika maƙil da masu sallar asham sun kasance a rufe, wuraren tafsiri sun koma rediyo da talabijin da Facebook, kasuwannin da kan tumbatsa da masu sayen gero da sukari da dabino kuwa sai ranar da hukuma ta ɗaga ƙafa ake buɗe su. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, sai ga shi a shekarar ƙafar ce aka ɗaure. Lokacin da azumin ya shiga goma ta biyu, tambayar da ke gaban kowane magidanci ita ce: ta yaya za a sauke haƙƙin wannan wata, a kuma riƙe maƙwabci, ba tare da an kai masa cuta har gida ba?

Yadda aka zo nan

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, kuma daga 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta kulle Legas da Ogun da Abuja. A Kano an samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin jihar ta sa dokar zaman gida daga 16 ga watan, sannan a jawabinsa na 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar na mako biyu. A wannan jawabin ne kuma ya sanar da dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe a faɗin ƙasa, da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, da wajabta sanya takunkumin fuska.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Saudiyya ta dakatar da Umra tun kafin azumi, an rage sallar asham a Masallacin Harami da na Manzon Allah (SAW) zuwa raka'a goma ba tare da jama'ar gari ba, an kuma dakatar da i'itikafi. A nan gida, ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ta umarci a dakatar da tarukan tafsiri da jam'in asham.

Me ya sa taro ne abin gudu?

Ƙwayar cutar tana fita ne cikin ɗigon yawu da majina idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa ko magana, ta shiga hanci ko baki ko idon na kusa da shi, ko kuma ta bi ta hannun da ya taɓa wurin da ta sauka. Tana iya kai kwana 14 a jiki kafin alamunta su bayyana, wasu kuma suna ɗauke da ita ba tare da sun ji ko ciwon kai ba. Nan ne haɗarin yake: wanda ke kusa da kai a sahu, kafaɗa da kafaɗa, yana iya zama lafiya ƙalau a ido alhali yana rarraba ta. Al'adun azuminmu kuwa duk na haɗuwa ne, daga cin abinci a tire ɗaya da shan kunu da ludayi ɗaya, zuwa musafaha bayan sallah da turereniyar karɓar sadaka a ƙofar gidan mai hali.

Shi ya sa a lokacin annobar likitoci suka yi ta nanata tazarar mita biyu da wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20. Ƙwayar tana lulluɓe ne da wani siririn maiƙo, sabulu kuma narkar da shi yake yi. Alwala tsarki ce, amma ruwa zalla ba ya yin aikin da sabulu ke yi, don haka a haɗa biyun. Waɗanda cutar ta fi kayarwa su ne tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, wato iyayen da muke zuwa gaisarwa da azumi.

Addini bai bar mu a duhu ba

Mai jin cewa zaman gida raunin imani ne ya waiwayi tarihi. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke, ya kuma hana na ciki fita. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga wani wuri da ake kira Sarg bayan ya shawarci sahabbai, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa kauce wa annoba ma yana cikin ƙaddarar Allah. Annobar ta ci manyan sahabbai, ciki har da Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ta lafa ne bayan Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu.

Sallar asham kuwa nafila ce. Manzon Allah (SAW) ya jagorance ta a masallaci 'yan darare, sannan ya daina fitowa don gudun kada a wajabta ta, sai a zamanin Umar aka tara mutane bayan Ubayyu ɗan Ka'abu. Magidancin da ya ja iyalinsa sallah a tsakar gida, ko da gajerun surori ne, bai yi asarar komai ba, ya ma samu abin da da yawa daga cikinmu suka daɗe ba su samu ba: zama da 'ya'ya a kan sallah da karatu. Marar lafiya kuma Alƙur'ani ya yi masa rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya. Duk wanda zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi suka kama, ya nemi jami'an lafiya, kada kunya ko tsoron tsangwama su sa ya ɓoye.

Yunwa ma annoba ce

Ma'aikacin gwamnati da aka ce ya zauna a gida yana sa ran albashi a ƙarshen wata. Ɗan dako a Kantin Kwari ko Singa, da direban adaidaita sahu, da mai tebur, da mai suyar ƙosai, da telan da ke jiran ɗinkin Sallah, su kam sai sun fita suke ci. Kulle kwana ɗaya a wurinsu yana nufin tukunya ba za ta hau murhu ba. Haka almajiran da suka dogara da ragowar buɗa-baki, waɗanda gwamnonin Arewa suka fara mayarwa jihohinsu a 2020.

Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ajiya, ta ce za a faɗaɗa rajistar marasa galihu daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, ta kuma ɗage biyan bashin TraderMoni da MarketMoni da FarmerMoni na wata uku. Manyan 'yan kasuwa da bankuna sun kafa gamayyar CACOVID, wadda Alhaji Aliko Dangote ya kasance cikin jagororinta. Sai dai a lokacin farashin ɗanyen mai ya faɗi ƙasa warwas da dala 57 da aka gina kasafin 2020 a kai, kuma ko da aljihun gwamnati cike yake, ba ta san gidan da aka kwana da yunwa a lungunku ba. Maƙwabci ne ya sani.

Yadda za a taimaka ba tare da tara jama'a ba

Abu na farko shi ne a sauya salon rabo. Maimakon a kira mutane ƙofar gida su yi layi, mai unguwa da limami da 'yan matasa amintattu su rubuta gidajen mabuƙata, a bi su gida-gida da takunkumi a fuska. Ɗanyen abinci, kamar gero da shinkafa da wake da mai, ya fi dafaffe amfani a lokacin annoba, domin kai shi sau ɗaya zai wadatar da gida kwanaki, an kuma rage yawan haɗuwa. Wannan hanya tana da wata fa'ida: tana rufa asirin magidancin da a da shi ke bayarwa, yau kuma kunya ba za ta bar shi ya shiga layi ba.

Na biyu, zakka. Ɗan kasuwar da jarinsa ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo masa, kashi biyu da rabi cikin ɗari ne haƙƙin Allah a kansa, kuma shekarar annoba ba shekarar jinkiri ba ce. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yarje wa baffansa Abbas ya fitar da zakka kafin lokacinta, ko da yake malaman Malikiyya sun taƙaita hakan ga ɗan lokaci kaɗan kafin cikar shekara, don haka mai niyya ya tuntuɓi malaminsa. Zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, ana iya fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah. A tanade ta tun yanzu, a kuma san gidan da za ta.

Na uku, sassauci a mu'amala. Mai gidan haya da ya ɗaga wa ɗan haya ƙafa, da dillalin da ya jinkirta karɓar bashi, da uban gidan da ya ci gaba da ba yaran shagonsa kuɗin cefane duk da shagon na rufe, duk sadaka suke yi. Wanda kuwa ya ɓoye hatsi yana jiran farashi ya hau, ya sani addini ya yi tir da ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke tsananin buƙata. Ma'aikatan ofis guda za su iya haɗa kuɗin motar da ba su kashe ba a makonnin kulle su ɗauki nauyin gida biyu ko uku, musamman na masinja da mai gadi da mai shara.

Na huɗu, waya ta maye gurbin ƙafa. A kira tsofaffi da zawarawa da waɗanda aka killace, a yi ta'aziyya ta waya, a tura kuɗi ta banki inda ya yiwu. A kuma guji tura duk saƙon WhatsApp da ba a san tushensa ba, domin maganin ƙarya yana sa mutum ya saki jiki, jita-jita kuma tana sa a ƙyamaci marar lafiya har ya gwammace ya ɓuya.

Dalilin kyautata zato

Fatanmu yana da madogara. A 1996 sanƙarau ya hallaka dubban mutane a Arewa, har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya zuwa aikin Hajjin shekarar, amma ya wuce. A 2014 Ebola ta shigo Legas, aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu ita ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta kuɓuta. A zamanin Umar ma, a shekarar fari da aka yi wa laƙabi da shekarar toka, Halifa ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, aka ciyar da dubban mutanen da suka kwararo Madina.

Goman ƙarshe na azumi na zuwa ne da tahajjudi da neman daren Lailatul Ƙadri. Addu'ar da aka yi a ɗaki tana isa inda ta masallaci ke isa. Kafin a sha ruwa yau, kowa ya ƙirga gidaje biyar na dama da biyar na hagu da gidansa, ya tambayi kansa ko akwai wanda hayaƙi bai tashi ba a cikinsu. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kare mu daga annoba.